Kundin aiki: sabar wasiƙu da ƙofar kamfanin intanet

Litinin, 3 ga Maris

Wasiƙu sun daina fita daga sabar ofis. Ƙaramar na'ura ce mai tsarin aiki na Debian, manhajar Postfix ke kula da imel a kanta, aikinta kuma bai wuce tura rahoton ajiyar bayanai na kowane dare, da takardun da aka ɗauka da sikana, da sanarwar da manhajojin cikin gida ke fitarwa ba. Da na buga `postqueue -p` sai ga layin jira ya cika maƙil, kowane saƙo da dalili iri ɗaya a ƙarƙashinsa: `Connection timed out`, wato ba a samu amsa ba, a ƙofa ta 25, lambar mashigar da sabobin imel ke miƙa wa juna wasiƙa ta cikinta.

Na gwada sabobi daban-daban a waje da `nc`, ƙaramar manhajar gwada haɗi, duk shiru. Ƙofa ta 443 kuwa, ta shafukan yanar gizo, tana buɗewa nan take, wato layin intanet lafiya lau yake, kamfanin da ke ba mu shi ne ya rufe ƙofa ta 25 ga masu fita. Ban ga laifinsu ba. Kwamfutocin da cuta ta kama ta wannan ƙofa suke watsa tarkacen saƙonni, shi ya sa kamfanoni da yawa ke toshe ta ga ƙananan masu hulɗa da su. Ko da ma sun buɗe mana, adireshinmu na IP mai canzawa ne, irinsa kuma yakan faɗa cikin jerin PBL na Spamhaus, jerin adireshin da bai kamata a ga wasiƙa ta fito daga gare su kai tsaye ba. Mafita ɗaya ce: sabarmu ta riƙa miƙa duk abin da zai fita ga sabar kamfanin, ita ta isar.

Kafin in taɓa saiti na yi abu biyu. Na daskarar da tsofaffin saƙonni da `postsuper -h ALL`, domin Postfix kwana 5 yake riƙe saƙo a layi, daga nan ya mayar wa mai shi. Sannan na sa `soft_bounce = yes`, don duk amsar ƙin karɓa da za mu ci karo da ita yayin gwaji ta zama jinkiri kawai, kada saƙon wani ya salwanta a hannuna.

Talata, 4 ga Maris

Na sa wannan layi a `main.cf`, babban fayil ɗin saitin Postfix (sunan sabar na misali ne, ba na gaskiya ba):

    relayhost = [aika.misali.test]:587

Bakan nan masu kusurwa suna da aiki. Idan babu su, Postfix zai je DNS, kundin sunayen intanet, ya nemi bayanin MX na sunan, ya ƙare a sabar da ke karɓar wasiƙun kamfanin, alhali mu wadda ke karɓa daga masu asusu muke nema. Ƙofa ta 587 kuma ita aka ware don wannan aiki, ƙa'idarta tana cikin RFC 6409 na 2011, ɗaya daga cikin takardun ƙa'idojin intanet.

Saƙon gwaji ya tafi, amsa ta dawo: `530 5.7.0 Authentication required`. Wannan ci gaba ne, tunda yanzu akwai mai amsawa a ɗaya ɓangaren, cewa kawai yake yi mu faɗi ko mu su wane ne.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wanda ya kafa sabar tun farko ya bar layukan SASL, wato na tantance suna da kalmar sirri, a cikin fayil ɗin, kallon farko sai ka ce an gama komai. Da na nutsu na karanta, sai na ga dukkansu da `smtpd_` suka fara. Harafin `d` ɗin nan shi ne ya raba abu biyu da ba su da haɗi. `smtpd` shi ne ɓangaren da ke zaune yana jiran masu kawo wasiƙa, yana tambayarsu kalmar sirri. `smtp` shi ne wanda ke fita ya kai wasiƙa wani wuri, a tambaye shi. Namu aikin duk na mai fita ne. Haka kuma `smtpd_sasl_type = dovecot` da na tarar ba zai tsinana mana komai a nan ba, domin a Postfix tantancewar manhajar Dovecot ta ɓangaren karɓa ce kaɗai. Mai fita da Cyrus SASL yake aiki, `postconf -A` kuma ya tabbatar mini, kalma ɗaya ya nuna: `cyrus`.

Na ƙara `smtp_sasl_auth_enable = yes` da `smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd`. Fayil ɗin kalmar sirri ma akwai shi, ragowar wani yunƙuri da ba a kammala ba. Na sabunta suna da kalmar sirri da waɗanda aka ba ni, na buga `postmap`, wanda ke fitar da fayil na biyu da Postfix ke karantawa, na mayar da izinin fayilolin biyu 600, wato babu mai buɗe su sai root, asusun mai kula da na'urar. Amsa ba ta canza ba, 530 ce dai.

Laraba, 5 ga Maris

Yau na fahimci wani hali na Postfix da ya kamata duk mai irin wannan aiki ya riƙe: idan ya duba teburin kalmomin sirri bai sami layin da ya dace da inda za shi ba, ba ya ƙorafi. Wucewa yake yi ya miƙa saƙon ba tare da gabatar da kansa ba. A rajista ba za ka ga kalmar SASL ko sau ɗaya ba, sai 530 daga can. Saboda haka rashin ganin kuskuren tantancewa shi kansa bayani ne, yana nufin ba a ma gwada ba.

Tsohon layin da ke cikin fayil ɗin yana da bakan, amma babu `:587` a ƙarshe. Na tambayi teburin kamar yadda Postfix zai tambaye shi:

    postmap -q '[aika.misali.test]:587' hash:/etc/postfix/sasl_passwd

Bai mayar da komai ba. Na gyara makullin ya zama daidai da abin da ke `relayhost` harafi da harafi, na sake `postmap`, tambayar ta dawo da amsa. Saƙon gwaji kuma ya sake cin karo da 530.

A nan na ajiye Postfix gefe na yi magana da sabar kamfanin da hannuna. Na shiga da `nc` a 587, na rubuta EHLO, gaisuwar da ake fara yi wa sabar wasiƙu, ta jero abubuwan da take iyawa: SIZE, 8BITMIME, PIPELINING, STARTTLS. Babu AUTH, umarnin tantancewa, a ciki. Na fita na dawo ta rufaffiyar hanya:

    openssl s_client -starttls smtp -crlf -quiet -connect aika.misali.test:587

Na sake EHLO, sai ga sabon layi: `250-AUTH PLAIN LOGIN`. Ashe sabar ba ta ambaton tantancewa sai an rufe hanya da TLS, tsarin da ke ɓoye abin da ke wucewa, hakan kuwa daidai ne, ba ta son kowa ya furta kalmar sirri a fili. RFC 3207 ma ya wajabta wa mai kira ya manta da duk abin da aka faɗa masa kafin STARTTLS, umarnin da ke kunna TLS, ya kuma shawarce shi ya sake gaisuwa daga farko. Sabarmu ba a kunna mata TLS na fita ba, don haka jerin farko kaɗai take gani, ta ɗauka ba a bukatar shaida.

Na sa `smtp_tls_security_level = encrypt`. Da gangan na ƙi `may`. Da `may`, idan wani a tsakiyar hanya ya goge kalmar STARTTLS daga jerin, Postfix zai ci gaba a fili abinsa. Tunda duk wasiƙunmu wuri ɗaya za su bi, kuma wurin yana da TLS, ba ni da dalilin barin wannan kafa.

Ga wanda zai gwada da `openssl`: kada a manta da `-quiet`. In babu shi, duk layin da ya fara da babban harafin R ana ɗaukarsa umarnin sabunta yarjejeniyar TLS, Q kuma fita, sai mutum ya rubuta RCPT TO, umarnin faɗin wanda za a kai wa wasiƙa, ya ga haɗin ya rikice ya zaci sabar ce.

Juma'a, 7 ga Maris

Rajista ta fara magana. Layi biyu: `SASL authentication failure: No worthy mechs found`, sai `no mechanism available`. Mai karatu da gaggawa zai ga kalmar gazawa ya ruga canza kalmar sirri, alhali har yanzu ba ta bar na'urarmu ba. Ƙorafin daga gida yake. Sabar kamfani ta ce tana jin hanyoyin tantancewa biyu, PLAIN da LOGIN, tamu ta duba abin da ke hannunta ta ga babu ko ɗaya da za ta iya amfani da shi.

Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, kunshin `libsasl2-modules` ba ya kan na'urar, shi ne kuwa ke ɗauke da PLAIN da LOGIN a Debian. Na girka shi. Na biyu, asalin saitin `smtp_sasl_security_options` shi ne `noplaintext, noanonymous`, wato Postfix da kansa ya haramta wa kansa hanyoyin da ke aika kalmar sirri yadda take. Bayanai da yawa da ke yawo suna cewa a cire `noplaintext` daga wannan layi a huta. Ni ban bi wannan ba. Akwai layi na dabam da ke aiki sai bayan an rufe hanya:

    smtp_sasl_tls_security_options = noanonymous

Na bar na asalin yadda yake. Ta haka ko wata rana wani ya sassauta saitin TLS bisa rashin sani, kalmar sirri ba za ta fita tsirara ba, wasiƙu ne za su tsaya a layi har a lura.

Bayan `postfix reload` amsa ta canza zuwa `535 5.7.8`. Wannan kam daga kamfanin take, kuma a RFC 4954 ma'anarta a fili take: an ji suna da kalmar sirri, ba a yarda da su ba. Na dakata a nan zuwa Litinin, ofishinsu na taimako ya tashi.

Litinin, 10 ga Maris

Da safe na tarar amsar ta koma `454 4.7.0`, gazawa ta wucin gadi. An kulle asusun. Ga yadda abin ya faru: tsofaffin saƙonni suna daskare, amma rahotannin dare sababbi sun ci gaba da shigowa layi. Postfix yana ɗaukar 535 a matsayin jinkiri ne, ba ya mayar da saƙon, sai ya riƙa komawa, tazarar tana farawa daga daƙiƙa 300 tana ƙaruwa har 4000. Kowace komawa gwajin kalmar sirri ne da ya faɗi. A idon sabar kamfani, wannan bai bambanta da mai ƙoƙarin fasa asusu ba, kamar baƙon da ke ta dawowa wurin mai gadi da katin shaidar da aka riga aka ƙi. Na sa `defer_transports = smtp` don kome ya tsaya cik, na kira su suka buɗe asusun.

A wayar ne aka gano bakin zaren, ko in ce rabinsa. Abin da aka miƙo mini a ofis lambar asusu ce da kalmar sirrin shafin biyan kuɗi. Sabar wasiƙu kuwa akwatin imel take tambaya: cikakken adireshi har da @ da sunan yankin, da kalmar sirrin akwatin, wadda daban take. Suka saita mini sabuwa.

Ban mayar da ita cikin Postfix kai tsaye ba, sai da na gwada da hannu, domin ina son in raba tambaya biyu: shin shaidar tana da kyau, kuma shin Postfix yana aika ta daidai. PLAIN tsarinsa mai sauƙi ne, harafin sifiri (alamar rabewa da ba ta bayyana, ba lambar 0 ba), suna, harafin sifiri, kalmar sirri, a juya duka zuwa base64, hanyar rubuta bayanai da haruffa da lambobi na yau da kullum:

    printf '\000%s\000%s' 'suna@misali.test' 'kalmar-sirri' | base64 -w0

Akwai tarkuna uku a wannan ɗan layi, kowanne kuma 535 yake haifarwa ko da shaidar tana da kyau. Idan aka rubuta `\0` guda sunan kuma ya fara da lamba, `printf` zai haɗiye lambobin farko ya ɗauke su cikin lissafin harafin, suna ya fita a gutsure. Shi ya sa na cika sifiri uku na kuma ware sunan da `%s`. Idan aka yi da `echo` ba tare da `-n` ba, alamar sabon layi za ta manne a wutsiyar kalmar sirri. Sannan `base64` yana karya layi a harafi na 76 in ba a sa `-w0` ba, dogon adireshi da doguwar kalma kuwa suna wuce hakan cikin sauƙi.

Na shiga da `openssl`, EHLO, sannan `AUTH PLAIN` da jerin haruffan. Ɗan shiru, sai `235 2.7.0`. An karɓa. Na gwada LOGIN ma don in ga yadda take: sabar ta turo `334 VXNlcm5hbWU6`, bayan na ba da suna ta turo `334 UGFzc3dvcmQ6`. Waɗannan ba wani asiri ba ne, tambayar suna da tambayar kalmar sirri ce aka juya zuwa base64. Wannan ya isa ya nuna cewa base64 ba ya ɓoye komai, kowa na iya warware shi da umarni ɗaya. TLS ne kaɗai ke tsare abin da ke wucewa.

Na sa sabuwar shaidar a `sasl_passwd`, `postmap`, na cire `defer_transports`. Na kuma ƙara `smtp_sasl_auth_cache_name`, wanda ke sa Postfix ya tuna shaidar da aka ƙi da 535 ya daina maimaita ta har sai an canza ta. Da yana nan tun Juma'a da ba a kulle asusun ba, kuma a ganina bai kamata a kafa irin wannan haɗi babu shi ba.

Laraba, 12 ga Maris

Tsugune ba ta ƙare ba. Tantancewa tana wucewa, amma rahoton dare ya tsaya da `553 5.7.1 Sender address rejected: not owned by user`. Kamfanin ya yarda mu ne, abin da bai yarda da shi ba shi ne mu aika da sunan da ba namu ba. Rahoton yana fita ne da `root` a gaban sunan na'urar na cikin gida, sunan da babu shi a ko'ina a duniya sai a ofis ɗinmu. Sikana ma da nata sunan na ƙirƙira.

Ina ganin dokar tana da hujja. In ba don ita ba, duk wanda ya saci kalmar sirrin akwati ɗaya zai iya aika wasiƙa da sunan kowa ta sabarsu.

Na buɗe teburin `smtp_generic_maps`, wanda ke sauya adireshi a daidai lokacin fita, a ambulan da kuma a kan wasiƙar, ba ya taɓa abin da ke zagayawa cikin gida. Duk sunayen cikin gida na mayar da su adireshin da kamfanin ya amince mana da shi a yankinmu. A nan `soft_bounce` na ranar farko ya biya kuɗinsa, domin 553 ƙi ne na dindindin, da babu shi da rahotannin sun koma wa `root` sun kwanta a akwatin da ba mai buɗewa.

Da yamma na saki tsofaffin saƙonni. Ban yi amfani da `postsuper -H` ba, na yi da `-r`. Saƙon da ke daskare ba ya mutuwa, amma agogonsa bai tsaya ba, da an sake shi za a lissafa masa duk kwanakin, ya mutu a tuntuɓen farko. `-r` kuwa sabon shiga layi yake ba shi. Na fara da guda ɗaya, na ga `status=sent`, sannan na saki sauran kaɗan-kaɗan don kada yawansu a lokaci guda ya sa a sake zarginmu.

Juma'a, 14 ga Maris

Na buɗe kan wata wasiƙa da ta isa akwatin gwaji a waje. A layin `Received` na sabar kamfanin an rubuta `with ESMTPSA`. S ɗin na TLS ne, A ɗin na tantancewa, kamar yadda RFC 3848 ya tsara tun 2004. Wannan ita ce shaidar da na fi yarda da ita, tunda ba na'urarmu ce ta rubuta ba.

A ƙasa kaɗan kuma `spf=softfail`. Bayanin SPF na yankinmu, jerin sabobin da aka yarda su aika wasiƙa da sunanmu, bai san sabobin kamfanin ba, yana lissafa inda wasiƙunmu ke fitowa a da ne. Na ƙara `include` ɗin da suka bayar, na ƙirga tambayoyin DNS da bayanin zai jawo, domin RFC 7208 ya kayyade su a 10, wanda ya wuce kuma bayaninsa duka ya lalace. Muna ƙasa da haka. Wannan ba abin jinkirtawa ba ne, tun watan Fabrairu na 2024 Gmail ke neman SPF ko DKIM (sa hannun lantarki a kan wasiƙa) daga duk mai aiko masa da wasiƙa. Na cire `soft_bounce`, aikinsa ya ƙare, barinsa kuma zai hana mutane sanin cewa adireshin da suka rubuta ba daidai ba ne.

Talata, 18 ga Maris

Na kunna `smtp_tls_loglevel = 1`, rajista ta ce `Untrusted TLS connection established`. Wato hanya a rufe take, amma ba mu tabbatar da wanda ke ɗaya bakin ba. Matakin `encrypt` bai damu da satifiket, takardar shaidar da saba ke nunawa, ba, duk wanda ya miƙo zai karɓa. Ga haɗin da ke ɗauke da kalmar sirri wannan bai gamsar da ni ba, domin wanda ya iya karkatar da DNS zai kafa sabarsa, ya rufe hanya da kyau, ya karɓi shaidarmu cikin ruwan sanyi.

Na nuna wa Postfix taskar satifiket ta Debian da `smtp_tls_CAfile = /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt`, kalmar ta koma `Trusted`. Da na ɗaga mataki zuwa `secure`, wanda ke duba har da suna, saƙon gwaji ya tsaya. Na duba satifiket ɗin da `openssl`: sunan da ke takardar umarnin kamfanin laƙabi ne kawai a DNS, ba ya cikin sunayen da aka rubuta a satifiket. Na tambaye su a rubuce ko sunan da ke kan satifiket ɗin tsayayye ne da za a dogara da shi, suka ce eh. Na canza `relayhost` zuwa shi, na canza makullin `sasl_passwd` tare da shi a zama ɗaya, tunda in aka bar ɗaya a baya 530 ce za ta dawo ba tare da wani gargaɗi ba. Yanzu rajista tana cewa `Verified`.

Sabarsu tana amsawa a 465 ma, inda TLS ke farawa tun daga daƙiƙar farko babu STARTTLS. RFC 8314 na 2018 ya fifita wannan hanya, Postfix kuma yana iya ta tun sigar 3.0 da `smtp_tls_wrappermode`. Ban koma can ba. Da `secure` a 587 babu ta inda za a ja mu zuwa fili, ban ga ribar taɓa abin da ya zauna ba.

Na share tarihin umarnin da na buga, saboda kalmar sirri tana kwance a cikin layin `printf`, na kuma nemi a canza ta gaba ɗaya, na sa sabuwar yau.

Abubuwan da suka rage: sa hannun DKIM da makullin yankinmu kafin wasiƙa ta bar na'urar, da ɗan rubutun da zai riƙa duba tsawon layin jira ya sanar da ni ta hanyar da ba imel ba. Na kuma aika wa kamfanin tambaya kan adadin saƙon da suka yarda asusu ɗaya ya fitar a awa, saboda ƙarshen wata sikana takan yi aiki sosai. Ina jiran amsarsu kafin in taɓa `smtp_destination_rate_delay`, saitin da ke sa tazara tsakanin saƙonnin da ke fita.